Mai Sayar Da Dariya, A Duba Mudunsa

Ina neman ahuwa tun da fari, gama yau zancena zai fita daga zaure ya ƙetare teku, ya shiga wata sana'a wadda ba mu saba ɓata mata tawada ba, watau sana'ar ba da dariya. Kada wani ya ɗaure fuska ya ce malam ya rasa abin rubutawa. Ku yi haƙuri ku biyo ni, akwai mas'ala a ciki wadda ta shafi mai allo, ta kuma shafi mai mudu.

Wani tsohon almajirina, wanda yanzu ya ke sayar da yadi a Kantin Kwari, shi ya jawo wannan zance. Ya zo gaishe ni bayan lisha, ya fito da wayarsa ya nuna mini wani wasa, yana juya mini shi daga Ingilishi jimla jimla, har muka yi dare biyu a kansa. Mutum ɗaya ne tak, tsaye bisa dandamali da na'urar ƙara murya a hannu, ba kalangu, ba 'yan amshi, gabansa jama'a sun biya kuɗi sun cika ɗaki, shi kuwa ba abin da ya ke yi sai ba da labari, fiye da sa'a guda, suna ta faɗuwa da dariya. Sana'a ce da ta daɗe a Amurka da Ingila, ma'anar sunanta a bakinsu kuwa barkwancin tsaye.

Mu ma ba baƙi ba ne ga masu ba da dariya. Muna da 'yan kama, waɗanda su kan ari muryar malami su juya karatunsa ya koma zancen tuwo da miya, ni kaina an sha yi a gabana, na kan yi dariyata a ciki ko da fuska ba ta nuna ba. Sarakuna suna da wawa a fada. Littattafan Larabawa cike su ke da labarun Juha, Jahizu ma littafi sukutum ya wallafa a kan marowata. Amma akwai bambanci guda wanda na ke so ku riƙe. Ɗan kama, kowa ya san kwaikwayo ya ke yi. Juha, ba wanda zai tafi neman gidansa. Mai barkwancin tsaye kuwa cewa ya kan yi ni ne, a gidanmu aka yi, a shekara kaza, ga ma hoton. Da sunan gaskiya ya ke tallar hajarsa.

Hajar da ta fi ciniki a wannan kasuwa kuwa ita ce kunyar da mutum ya sha a shekarun balaga. A Amurka galibi yaro ya kan shiga babbar sakandare yana da shekara 14 ya fita yana da 18, aji huɗu ke nan, daga na 9 zuwa na 12. Waɗannan su ne shekarun da jiki ya kan riga hankali girma. Murya ta fashe, ta yi sama ta yi ƙasa ba da izinin mai ita ba. Ƙuraje su feso a fuska, ƙafa ta fi takalmi, hannu ya fi riga, gemu ya leƙo da gashi uku ya tsaya cik. Yaro ya fita daga cikin yara, manya ba su karɓe shi ba, ga shi yana zaton idon duniya duka a kansa ya ke. A can kuma sun ƙara wa wuta itace da wata al'ada: in ƙarshen shekara ya gabato, makaranta ta kan shirya wa manyan ɗalibai bikin rawa da dare, su kan ce da shi furom. Kowane saurayi ya nemi yarinyar da za ta raka shi, ya sa kwat, ya ɗaura mata fure a wuyan hannu, a ɗauki hoto a gidan iyayenta kafin su tafi. Ba al'adarmu ba ce, ba kuwa tallarta na ke yi ba, amma sai an san ta za a fahimci abin da ke tafe. Wanda ya rasa mai raka shi, ko aka ƙi shi, ya kan ɗauki abin a zuciya har furfura.

Ni ban shiga sakandare ba, amma balaga ba ta tambayar irin makarantar da yaro ya ke. Ina titibiri, shekaruna ba su wuce 15 ba, muna gabas a wata tsangaya, sai aka yi manyan baƙi, alarammomi. Malaminmu, Allah ya jiƙansa, ya so ya nuna hajarsa, ya aiko in zo gaba in biya allona. Wandona ya mutu, sai na ari na wani gardi wanda ya yi biyuna. Ina miƙewa zariyar wando ta ce ga garinku. Na rungume allo da hannu guda, na damƙe wando da guda, na ratsa tsakiyar mutane a haka na durƙusa. Na buɗe baki, sai murya ta fito kamar ta ɗan zakara mai koyon cara. Alarammomi suka sunkuyar da kai don ladabi, amma ina ganin rawunansu suna kaɗawa. Daga ran nan, ni da ban taɓa taka ƙasar Zazzau ba, sunana ya koma Na-Zariya.

Na fi shekara goma in aka tuna mini sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yau kuwa, duk sa'ad da wani yaro a makarantata ya yi abin kunya ya koma lungu yana kuka, na kan tara su in ba su labarin Na-Zariya da bakina. Su yi dariya har da hawaye, mai kukan ma ya ɗago kai, gama ya gane ashe wannan mai rawani da ya ke tsoro ya taɓa riƙe wando a gaban alarammomi, bai kuwa mutu ba. Wannan shi ne amfanin sana'ar da mu ke zance, ba na kuwa raina shi. Wanda ya riga kowa faɗin abin kunyarsa ya karɓe sanda daga hannun masu gori. Mai sauraro kuma, wanda ya daɗe yana ɓoye irin nasa, sai ya ji nauyi ya sauka.

Masu wannan sana'a da yawa da wannan jari suka fara. Chris Rock, baƙar fata ɗan Brooklyn, yana yaro a kan ɗauke shi a mota zuwa makarantar unguwar farare, ya sha duka da gori har ya bar sakandare bai gama ba, daga baya wannan wahala ta zama wasan telebijin da aka yi ta nunawa daga 2005 zuwa 2009. Wanda ya fi ba ni dariya kuwa shi ne Trevor Noah na Afirka ta Kudu, a littafin tarihin ƙuruciyarsa na 2016. Abokinsa ya haɗa shi da wata kyakkyawar yarinya don ta raka shi bikin rawa na gama makaranta. Ya kashe kuɗinsa ya sayi tufafi, ya gyara gashi, ya makara, ya ɓata hanya, da suka isa kuma yarinya ta ƙi fita daga mota. Sai a nan ya gane ashe ba ta jin Ingilishi, harshen Pedi ta ke ji, shi kuwa duk harsunan da ya iya babu wannan a ciki. Makonni yana kallon kyanta, bai taɓa lura ba su taɓa magana su biyu ba. Ku duba inda dariyar ta sauka: a kansa. Yarinya ta fita daga labarin da mutuncinta, shi ne wawan.

To, yanzu ga wanda muka kwana biyu a kansa. Sunansa Hasan Minhaj, an haife shi a 1985 a garin Davis cikin jihar Kalifoniya. Iyayensa Musulmi ne mutanen Aligar ta ƙasar Indiya. Uban masanin ilmin sinadarai ne, uwar kuwa ta koma Indiya ta yi shekara 8 tana ƙarasa karatun likita, saboda haka yaro ya tashi shi da ubansa su biyu a garin da galibin mutanensa farare ne. Wasan nasa sunansa Homecoming King, watau sarkin bikin komowa gida. Ya fara yinsa a Niyu Yok a 2015, aka ɗauke shi a na'ura a garinsu na haihuwa, kamfanin Netflix ya fito da shi a 2017, a 2018 ya sami lambar yabo ta Peabody.

Gaskiya tsakani da Allah, mutumin gwani ne. Ya ba da labarin ubansa mai tsanani, wanda ba ya son jin kome sai karatu, har na ga kamar wasu iyaye na unguwarmu. Ya ba da labarin abin da ya biyo bayan harin 11 ga Satumba 2001, yana ɗan shekara 15: bisa ga riwayarsa, an bugo waya gidansu da zagi da barazana, aka farfasa gilashin motarsu, ya ga ubansa yana share ɓaraguzai a titi bai ce uffan ba, gama shi a ganinsa wannan haraji ne da baƙo ya kan biya don a bar shi ya zauna. Ɗan kuwa ya ce shi nan aka haife shi, ba wanda ke binsa wannan haraji. A nan almajirina ya daina fassara na ɗan lokaci, ni ma ban matsa masa ba.

Amma gindin wasan shi ne labarin wata yarinya farar fata, 'yar ajinsu na lissafi, wadda ya sauya wa suna. Sun shaƙu, suna bita tare, yana zuwa gidansu ana karɓarsa da fara'a. Aka shirya za ta raka shi furom. Ubansa ya hana, shi kuwa ya sa kwat ya dire ta taga, ya hau kekensa da fure a hannu, yana tuƙi yana kiyaye wando kada ya ɓaci. Ya isa ƙofar gida ya ƙwanƙwasa, aka buɗe, sai ya hangi wani saurayi fari yana ɗaura wa yarinya fure. Uwarta ta ce masa, da lallausar murya, suna ƙaunarsa ƙwarai, amma za a ɗauki hotuna, danginsu na jihar Nebraska za su gani, shi kuwa ba zai dace da hoton ba. Ya juya kekensa ya koma gida cikin kwat ɗinsa. Ɗaki duka ya yi tsit. Daga nan ya ci gaba ya nuna yadda ya riƙe abin shekaru, har ubansa yana kwance a asibiti da ciwon zuciya ya ji labarin, ya yi masa faɗa don bai yafe mata ba, da yadda a ƙarshe suka sadu suka wanke zukata.

Na ce wa almajirina, ai wannan wa'azi ne ya sa rigar wasa. Sai ya ce, Allah gafarta malam, da sauran zance.

Sauran zancen kuwa shi ne, a watan Satumba 2023 mujallar The New Yorker ta buga wani dogon bincike na wata 'yar jarida, Clare Malone, wadda ta bi labarun mutumin ɗaya ɗaya kamar yadda a ke bin isnadi. A wasansa na biyu, na 2022, ya ce an aiko masa wasiƙa da farin gari a ciki, garin ya zube wa ƙaramar 'yarsa, suka ruga asibiti suna tsoron guba ce. Ya amsa cewa wasiƙar ta zo, amma garin bai taɓa yarinya ba, ba a kuwa je asibiti ba. Ya ce yana sakandare hukumar FBI ta cusa ɗan leƙen asiri a masallacinsu, har 'yan sanda suka maka shi bisa mota. Ya amsa cewa wannan bai same shi ba, ko da ya ke irinsa ya sami wasu Musulmi a wasu masallatai. Game da yarinyar kuwa, wadda yanzu matar aure ce, ta gaya wa mujallar cewa baki da baki ta faɗa masa ba za ta raka shi ba, kwanaki kafin bikin. Ta ce kuma ita da iyalinta sun sha zagi da barazana a intanet, gama sauya sunan bai ɓoye ta ba, alamun da ya bari sun isa masu tono su gano ta. Shi kuwa ya bayyana ma'auninsa da bakinsa: kashi 70 cikin 100 gaskiya ce ta abin da zuciya ta ji, kashi 30 ƙari ne da ƙirƙira.

Adalci ya wajaba, ko ga mai ba da dariya. A watan Oktoba na shekarar ya fito da bidiyo na kimanin minti 20 yana kare kansa. Ya nemi gafarar waɗanda labarin gari da na masallaci suka ɓata wa rai. Amma game da yarinya ya tsaya a kan cewa uwarta lalle ta faɗi wannan magana, sai dai kwanaki kafin bikin ne, shi ya ɗauko ta ya kai ta daren biki a bakin ƙofa don labari ya yi armashi. Ya nuna wasiƙun da suka yi ta yi da matar cikin mutunci, ya ce mujallar ta yanke maganganunsa ta bar abin da zai wanke shi. Mujallar ta ce tana nan a kan abin da ta buga. Abin da ya tabbata dai, ana dab da ba shi shugabancin shirin The Daily Show, kujerar da Trevor Noah ya bari a 2022, sai magana ta warware, shi da kansa ya faɗi haka a 2024.

To, ga nawa hukuncin, wanda ya ga kuskure ya rubuto.

In har uwar ta faɗi wannan magana, to, an cuci yaro, ko ran Talata aka faɗa ko ran Asabar. Wanda aka gaya wa launin fatarsa zai ɓata hoto yana da hakkin ya faɗa wa duniya, ba kuwa zan ce ya yi shiru ba. Amma ban yarda da masu cewa sauya rana ƙaramin abu ne ba. Ku duba abin da aka ƙara. A riwaya ta fari, yarinya ta same shi ta faɗa masa tun da sauran lokaci, wannan aikin mai kunya ne da aka matsa wa. A riwaya ta biyu, ta bar shi ya yi ado ya hau keke ya zo ya tarar da wani a gurbinsa, wannan aikin mayaudari ne marar tausayi. Mutum biyu ke nan daban. Ita ta fari ce ta rayu, ta biyu kuwa ita aka nuna wa miliyoyin mutane.

'Yan kasuwa za su fi kowa gane wannan lissafi na 70 da 30. In ka zuba mudu 70 na gero ka haɗa da mudu 30 na ƙaiƙayi da tsakuwa, ka gaya wa mai saye, ya saya a kan farashinsa, ba wanda ya cuci wani. In ka ɗinke buhu ka rantse tsaba ce, sunan wannan algus, ko da geron da ke ciki ya fi na kowa kyau. Mai saye kuma ba shi da hanyar sanin wace ƙwaya ce tsakuwa sai ta fasa masa haƙori. A wannan ciniki ma haƙorin da ya fashe ba na mai saye ba ne, na wata ce wadda ko kasuwar ba ta je ba.

Na ji masu cewa ai kowa ya san mai barkwanci ya kan ƙara gishiri, wa ya taɓa kai ɗan kama gaban alƙali? Amsa ita ce, da kowa ya sani, da ba wanda ya bi wannan mata da barazana. Ba a taɓa jin an yi gayya an tafi dukan Ƙoƙi don abin da ta yi wa Gizo ba. Kakanninmu mata sun fi mu sanin wannan, shi ya sa tatsuniya ta ke da ƙofar shiga da ƙofar fita, a buɗe da gatanan gatananku, a rufe da ƙurunƙus, yaro ma ya san an shiga gonar ƙarya an fito. Mutumin nan kuwa bai kafa wannan ƙofa ba. Bayansa allon majigi ne yana nuna hotuna da guntayen labaran duniya na gaske, yana zancen gwamnati da masallaci da wariyar launi. Wanda ya tsaya a wannan matsayi ya bar matsayin ɗan kama ya shiga na mai ba da shaida, ko ya so ko bai so ba. Hasarar ma ba ta tsaya kansa ba. Waɗanda da gaske aka yi wa leƙen asiri a masallatansu, gobe in sun faɗa, an ba maƙiyansu abin cewa.

Ƙarin gishiri iri biyu ne, a nan ne na ke ganin mutane su ke ruɗewa. In na ce wandon da na ara ya yi biyuna, gobe daɗin baki ya ɗebe ni na ce ya yi ukuna, ba wanda ya yi hasara, kunyata ce, dukiyata ce, in na so in yi kyauta da ita. Amma in na ce gardin da ya ara mini shi ne ya yanke zariyar da gangan, to, na fita daga gonata na shiga ta wani. Malamai sun tsawaita bayani a babin aibobin harshe, Imamu Gazali ya yi haka a Ihya'u, sun kuwa nuna cewa giba ba sai an kira suna ba, duk siffa ko ishara da za ta sa mai ji ya gane wa a ke nufi daidai ta ke da kiran suna. In kuwa abin da aka faɗa bai auku ba, ya wuce giba ya zama ƙage. Sun ƙi ma a mai da wasa abin yi na kullum, amma wannan wata mas'ala ce, ba ita na ɗauko yau ba.

Abin da mai ba da labarin ƙuruciyarsa ya kan manta shi ne, ba shi kaɗai ya yi ƙuruciyar ba. Ajin nan cike ya ke da yara, kowa da ƙurajensa, kowa da tsoronsa. Ita ma yarinyar nan 'yar sakandare ce ƙarƙashin ikon iyaye, ko a riwayarsa ba daga bakinta maganar hoto ta fito ba. Ita ma tana da nata labarin waɗannan kwanaki, sai dai ba ta da dandamali. Ya ce ya yafe mata, na kuwa gaskata shi. Amma wanda ya yi yafiya a bainar jama'a sai da ya fara karanta ƙara a bainar jama'a, jama'a kuwa ƙarar suka riƙe.

Kada ku ce malam ya sami na Amurka yana ta sara. Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne, ni ma na taɓa yi, ba kuwa da daɗewa ba.

A tsangayar nan da na faɗa muku akwai wani abokina, sa'ana. Ya ga wata yarinya mai tallar fura, hankalinsa ya tashi, ya rasa bakin magana, sai ya rubuta mata wasiƙa da ajami a bayan wata tsohuwar takarda, ita da ko alif ba ta sani ba. Wasiƙa ta bi hannu ta bi hannu har ta faɗa hannun malam, aka karanta ta da dare a bakin wuta. Mun rabu shekaru da yawa, daga baya Allah ya haɗa mu gari guda, shi ya zama dattijo mai rumfar goro, ana girmama shi. Ran nan a wata walima, an ci an sha, hira ta yi daɗi, na ba da labarin Na-Zariya aka yi dariya, sai na ji ban ƙoshi ba, na ɗora da nasa. Ban kira sunansa ba, na dai ce wani ne mai rumfar goro, mun yi gabas tare. Da na ga dariya ta fara sanyi, sai na ƙara da cewa da yarinya ta ji abin da ke cikin wasiƙar, sai ta zo ta juye masa ƙwaryar fura a ka a gaban almajirai. Wallahi ba a yi haka ba. A nan zaune na ƙirƙira, wuri kuwa ya kece.

Mako bai zagayo ba sai ga babban ɗansa a zaurena. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce yaran kasuwa sun fara kiran babansa Sha-Fura in ya juya baya. Na ɗauki sandana na tafi rumfar. Ya shimfiɗa mini buzu, ya ba ni goro, ya bar ni na gama kame-kamena. Sa'an nan ya ce, malam, wasiƙa gaskiya ce, da ina wurin da na fi kowa dariya, nawa kuma na yafe. Amma mai furar nan da ka ce ta yi mini rashin kunya, ita ce uwar wannan yaron da ya je wurinka. Shekara 30 muna tare ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Nata sai ka nema wurinta.

Na bi shi gida na tsaya a soro. Ba ta fito ba, jikarta ta aiko. Ta ce a gaishe da malam, ta yafe duniya da lahira, amma tana roƙon abu guda: inda aka zubar da furar, a koma can a kwashe.

Na jira har aka sake taruwa a gidan da aka yi walimar. Bayan an yi addu'a na nemi izini na miƙe, na ce labarin da na bayar ran nan, wasiƙa gaskiya ce, fura ƙarya ce, ni na ƙirƙira, matar kuwa mutuniyar kirki ce. Ba wanda ya yi dariya. Na duba fuskoki na ƙirga, waɗanda suka ji na fari ko rabinsu babu a wurin, yaran kasuwa kuwa ko ɗaya bai zo ba.